Yadda Ɗan Wasan Daɓe Zai Rabu da Halayen da Ke Ɓata Wasa a Legas

Matasanmu masu wasan kwaikwayo a Agege da Idi-Araba da Mile 12 suna da baiwa, wannan ba a musu. Abin da ke hana a sake gayyatarsu wasu halaye ne da suke ɗauka ba komai ba, alhali sauran ƙungiya ne ke kwana a ciki. Ga yadda za ka gyara.

Mataki na farko, lokaci. Gosulo ba uzuri ba ne a Legas, tunda kowa ya san da shi kafin ya fito. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara aiki a 2024 yana ɗauka daga Agege zuwa Oyingbo, na Blue Line kuma yana da tasha a gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu. Ka iso da rabin awa kafin gwaji. Zauren haya ne, kuma kuɗin na tafiya ko ka zo ko ba ka zo ba.

Na biyu, kuma nan ne cutar ta fi yawa: ka haddace maganarka, ka haddace ƙarshen maganar abokin wasanka, sannan ka daina ƙari daga ka. Mun gaji wannan ɗabi'a daga wasanninmu na talabijin na da, inda ake ba ɗan wasa labari shi kuma ya ƙirƙiro zancen. Wannan gwaninta ce ta gaske. Amma a dandamali akwai mai fitila da mai sauti, kowannensu kalma guda yake jira. A ce maigida zai ce, "To, ki tattara kayanki," fitila ta mutu, a sauya fage. Sai ɗan wasa ya ji 'yan kallo sun ɗauki dariya, ya zarce da barkwanci. Wadda ke fitowa a matarsa ta riga ta cika ido da hawaye, ta tsaya riƙe da ƙullin kaya ba ta san inda za ta shigo ba, mai fitila kuma hannunsa na kan makunni. Shi ya sha tafi, ita ta sha kunya. In kana da ƙari mai daɗi, kawo shi ranar gwaji ka ce, "Darakta, a duba wannan." In ya karɓa, a rubuta, kowa ya sani.

Na uku, murya da tsayuwa. Nan babu kyamarar da za ta matso fuskarka. Babban zauren Iganmu, wanda aka kammala a 1976 domin FESTAC, bikin fasaha da al'adun Afirka da baƙar fata na duniya na 1977, an gina shi ne don mutum 5,000. Freedom Park kuwa, tsohon kurkukun zamanin Turawa da ke Broad Street, fili ne, iska da ƙarar motoci na cinye magana. Ka sa abokinka ya zauna a layin ƙarshe, duk kalmar da bai ji ba ya ɗaga hannu, ka maimaita. Kada ka ba 'yan kallo ƙeya, kada ka tare wani, kada ka riƙa yatsina fuska lokacin da wani ke magana don a kalle ka.

Na huɗu, bayan labule: waya a kashe, baki a rufe, domin sau da yawa makirfonka na kunne. Sandar da ka ɗauka ka mayar inda take.

Na biyar, mu'amala. Gyara aikin darakta ne, kada ka gyara wa abokinka a gaban mutane. Kada ka taɓa abokiyar wasa ta hanyar da ba a amince da ita a gwaji ba, iyayenta amana suka ba ƙungiya. Maganar sallama kuma a gama ta a rubuce tun ranar da aka raba matsayi, da adadin kuɗin da ranar biya, kai da furodusa ku sa hannu.