Turnuƙaƙƙen Hayaƙi: Kurakuran da Masu Koyon Rubutu Suka Fi Yi

Na gaji da gyara wa masu koyon aikin jarida jimla guda duk lokacin da gobara ta tashi, wato "hayaƙi mai kauri ya rufe sama". Kauri na kunu ne da igiya da katako. Idan hayaƙi ya yi yawa har ya hana ganin gaba, Bahaushe cewa yake yi ya turnuƙe, kuma daga nan aka sami sifar turnuƙaƙƙe. Duk wanda ya ga gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san nufinta: hayaƙi yana murɗawa yana hawa kan juna, ya lulluɓe rumfuna, ya sa mutum tari da hawaye tun daga nesa.

Abin takaicin shi ne, da yake yawancinku ba ku damu da lanƙwasar baƙaƙe ba, mai karatu ba ya gane ko kauri kuke nufi ko ƙauri, wanda shi warin ƙonewa ne, irin na tsumma ko tuwon da ya kama. Wani yaro ya taɓa tura irin wannan jimla cikin rahoton da ya fita da sunana, washegari wani dattijo ya tare ni bayan sallar Azahar ya ce, "Ɗana, wannan hayaƙin naku da ludayi ake shan sa?" Har yau abokan aiki ba su bar tsokanata da zancen ba. Ku riƙa karanta rubutunku a bayyane kafin ku miƙa, wannan ba wahala ba ce, lalaci ne kawai ke hana ku.

Wasu kuma da suka koyi kalmar sai su liƙa wa kowane hayaƙi, suna zaton tana nufin baƙi. Yawa take nunawa, launi daban ne. Taya tana ba da baƙi ƙirin, ɗanyen ganye yana ba da fari, kuma kowannensu yana iya turnuƙewa. Hayaƙin da ya fito daga Fadar Vatican ranar 8 ga Mayun 2025, da aka zaɓi Fafaroma Leo na 14, farin hayaƙi ya ishe shi suna, domin launinsa ne labarin, shi ke nuna an zaɓi sabon Fafaroma.

Hayaƙi namiji ne, ƙura mace, don haka turnuƙaƙƙen hayaƙi, amma turnuƙaƙƙiyar ƙura. Abin da ke tashi daga tukunyar dambu tururi ne, na hunturu kuwa hazo.

Ni dai a rahoto na fi son aikatau, in rubuta "hayaƙi ya turnuƙe kasuwar", domin ya fi sifar sauƙi a bakin mai karanta labarai a rediyo.