Masu kamun kifin tirawut a tafkunan Kanada, ku daina tuƙi a miƙe

Idan kana jan fatsa a bayan kwale-kwale, riƙa karkata hagu da dama, a hankali, kamar kilomita 3 a awa.

Kifin nan yakan daɗe yana bin ƙarfen koto mai siffar cokali bai kama ba. Da ka juya, koton zai nutse ko ya ƙara sauri, sai ya zaci ƙaramin kifi ne zai tsere masa, ya cafke.

Lokacin zafi ka ƙara dalma a igiyar don koton ya nutse sosai, domin kifin yana komawa can ƙasa inda sanyin ruwa yake wajen digiri 10. Ni dai koto na farin ƙarfe na fi yarda da shi.

Amma in igiyoyinka sun yi yawa, kada ka yi kwana mai kaifi. Za su sarƙe, ka ɓata safiyarka wajen warwarewa.