Neman Diyya Bayan Haɗarin Mota: Kurakuran da ke Cinye Haƙƙin Mutum

Kamfanin inshora yana biyan abin da ya gani a cikin fayil ne. Ciwon da babu rahoton likita a kansa, ko ɓarnar da babu hotonta, a wurinsu kamar ba a yi ba. Shi ya sa diyyar mutane da yawa takan fara zubewa tun a wurin haɗarin, kafin ma su cike fom.

Da zarar an kula da waɗanda suka ji rauni, a kira 'yan sanda ko da ɓarnar ba ta da yawa, kuma ka karɓi lambar rahoton. Ka tsare bakinka. "Laifina ne" ko "ban gan ka ba" kalmomi ne da ruɗewa ke fitarwa, amma za a rubuta su a matsayin amsa laifi, wasu takardun inshorar ma sun hana mai su amsa laifi ba tare da izinin kamfani ba. Faɗi abin da ka gani kawai. Kada ka yi hasashen gudun da kake yi ko tazarar da ke tsakaninku.

Ɗauki hotuna kafin a matsar da motocin, in hakan ba zai jawo wani haɗarin ba: daga nesa yadda titin zai fito, daga kusa a kan kowace lotsawa, sannan lambar mota, sawun birki, alamomin hanya da fasasshen gilashi. Rubuta sunan ɗaya direban, lambar lasisinsa, kamfanin inshorarsa da lambar takardar. Shaidu su ne masu saurin ɓacewa, don haka karɓi lambar wayarsu nan take. In akwai kyamarar tsaro a kusa, nemi a adana bidiyon da wuri, domin irin waɗannan na'urori sukan shafe tsohon ɗauka su ɗora sabo bayan 'yan kwanaki ko makonni.

Je asibiti a ranar, ko da kana jin garau. Firgici yana danne zafi. Ciwon wuya da fizgar kai ke haddasawa yakan bayyana bayan awa 24 ko fiye, haka ma alamun buguwar ƙwaƙwalwa irin su jiri, amai da mantuwa. In ka yi mako biyu kafin ka ga likita, ka ba kamfanin hujjar cewa wani abu dabam ne ya jawo ciwon. Faɗa wa likita duk inda ke maka ciwo, ka tabbata an rubuta cewa haɗarin mota ne sanadi. Kada ka ɓoye tsohon rauni: in aka gano shi daga baya, sauran maganarka ma ta zama abin zargi, alhali a dokokin ƙasashe da dama ana biyan diyyar tsanantar da haɗari ya yi wa tsohon ciwo. Kuma kada ka tsallake ranakun komawa asibiti ko gashin ƙashi, don za a ɗauka ka warke.

Wa'adi iri biyu ne, mutane kan haɗa su. Na sanar da kamfaninka yana cikin takardar inshora, kuma gajere ne. Sanar da su ko da ba kai ke da laifi ba. Na shigar da ƙara kotu kuwa doka ce ke yanke shi, ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma yawanci tattaunawa da kamfani ba ta dakatar da shi.

Kada bakanike ya taɓa motar kafin mai kimanta ɓarna ya duba ta. Bayan an kwance bamba akan tarar da lagireto ya tsage ko ƙarfen gindin motar ya lanƙwashe, sai a nemi ƙarin kimantawa a rubuce kafin a ci gaba. In aka ce motar ta wuce gyara, darajarta a kasuwa gab da haɗarin ake biya, ba kuɗin da ka saye ta ba, don haka tara tallace-tallacen motoci irin taka, shekara ɗaya da tafiyar kilomita kusan ɗaya, ka ƙalubalanci ƙiyasinsu da su. Ajiye rasit na magani, janwe, motar haya, da shaidar kuɗin da ka rasa saboda rashin zuwa aiki.

Kuskure mafi tsada shi ne sa hannu da wuri. Tayin farko yakan zo lokacin da kuɗin asibiti ya matsa, tare da takardar da ke cewa an kammala biya gaba ɗaya. Da ka sa hannu, kusan ƙofa ta rufe, ko da bayan wata 6 likita ya ce sai an yi tiyata. Jira har likita ya faɗi a rubuce inda ciwon ya tsaya da irin jinyar da ta rage. In buƙata ta matsa, tambaya ko za a ba ka wani kaso na wucin gadi ba tare da rufe fayil ba. Nemi su fayyace lissafinsu: nawa ne na jinya, nawa na mota, nawa aka cire. In sun ɗora maka kashi 25 cikin 100 na laifi, misali don rashin ɗaura bel, za a zabtare rubu'in kuɗin, saboda haka ka nemi hujjar wannan kason.

Wakilin inshorar ɗaya ɓangaren ba naka ba ne, komai daɗin bakinsa. Kada ka yarda ya naɗi muryarka kafin ka nemi shawara. Rage sanya hotuna a Facebook, don hoto ɗaya kana ɗauke da kaya ya isa a musanta ciwon bayanka. Idan raunin babba ne, an rasa rai, ko ana jayayya kan mai laifi, nemi lauyan da ya saba da irin wannan shari'a, ku rubuta kason da zai ɗauka da wanda zai biya kuɗin kotu in ba a yi nasara ba.