Gwajin ƙarfin bututun fitsari na mata: yadda ake yi da yadda za ki shirya

'Yar'uwa in dai da kin yi tari ko atishawa ko kin ɗaga abu mai nauyi sai ki ji fitsari ya ɗigo, likita zai iya tura ki wannan gwajin, musamman in ana maganar tiyata. Ana so ne a ga ko naman da ke matse bakin mafitsara yana da sauran ƙarfi, don haihuwa da shekaru da ɗaukewar al'ada duk suna sa shi ya saki, kuma bututun mace gajere ne dama, santimita 3 zuwa 4 kawai. Wannan ɗigon daban yake da yoyon fitsari fa, shi wancan rami ne.

Kafin ranar ki faɗa wa likita duk maganin da kike sha, wasu za a ce ki dakata da su. Za a fara auna fitsarinki, in akwai ciwon sanyi sai an yi maganinsa tukuna.

A ɗakin gwaji kwanciya za ki yi, nas ta goge wurin, a saka wata siririyar roba har cikin mafitsara, wata kuma ta gaba ko ta dubura don auna matsin ciki. Sai a zuba ruwan gishiri a mafitsarar, sannan na'ura ta riƙa janyo robar da ke cikin mafitsarar a hankali a hankali, kwamfuta na zana layin matsin tun daga ciki har waje. Ɗan zafi ne kaɗan, ba a ma sa barci.

To ga inda mata da yawa ke ɓata gwajin: za a ce ki yi tari, ki ƙara, ki yi nishi, sai kunya ta sa ki matse jikinki don kar fitsari ya zuba a gabansu. Don Allah kar ki matse! Zubar nan ita ake nema, in kin riƙe lambobin za su fito lafiya lau alhali ba haka kike ba a gida. In matsin rufewar, wato ƙarfin da naman ke matse bututun da shi, ya gaza 20 na ma'aunin santimitar ruwa, galibi ana ɗauka naman ya yi rauni sosai, amma likita ba ya yanke hukunci da lambar nan kaɗai, sai ya haɗa da labarinki da sauran gwaje-gwaje.

Bayan an gama ki sha ruwa da yawa. Raɗaɗi wajen fitsari ko ɗan jini na kwana ɗaya ko biyu ba komai, amma zazzaɓi ko fitsari ya ƙi fita, ki koma asibiti a ranar.