Kyamara Tana Ɗaukewa? Kafin Ka Sauke Ta, Duba Waya da Wuta

Cikin wata guda yara uku masu koyon aikin haɗa kyamarorin tsaro (CCTV) sun kira ni da magana iri ɗaya: "Oga, kyamarar nan ta lalace, sai ta kawo ta ɗauke." Duk ukun sun riga sun hau tsani sun kwance ta, ɗaya har ya mayar wa mai shago ana ta cacar baki. A cikinsu babu kyamarar da ke da laifi.

Babban abin da ya taɓa cin kuɗina shi ne kebul. Na haɗa kyamara takwas a wani sito na hatsi, na sayi kwalin Cat6, wato kebul ɗin da ake jona kyamarori da shi, mai mita 305 da araha, ina murna na rage kashe kuɗi. Da rana komai tsaf. Ana kiran sallar magariba sai kyamarori uku na can bayan sito su fara ɗaukewa, su dawo, su sake ɗaukewa, har gari ya waye. Alhajin mai siton ya kira ni ya ce, "Malam, ɓarawo da rana yake zuwa? Abin da na biya dominsa shi ne dare." Ban da amsar da zan ba shi. Na canza kyamara biyu, na sake matse kawunan waya, na yi sati biyu ina zarya. Sai da maigidana da ya koya mini aiki ya zo, ya yanki guntun wayar, ya kankare ta da wuƙa. Jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyom ne aka shafa wa tagulla a sama, wanda ake kira CCA.

Ga abin da ke faruwa. Kyamarar PoE ta cikin wannan kebul ɗin take shan wuta. Idan duhu ya yi, fitilunta na ganin dare suna kunna kansu, sai cin wutarta ya ƙaru. Alminiyom kuwa bai kai tagulla ɗaukar wuta ba, kusan kashi 60 cikin 100 kawai yake yi, don haka a doguwar tafiya wutar ta raunana kafin ta isa. Kyamara ta mutu, ta tashi, ta kunna fitila, ta sake mutuwa. Da kuɗin aljihuna na sake jan waya gaba ɗaya, ribar aikin ta tafi har da ƙari. Tun daga ranar ba na biyan kuɗin kebul sai na kankare shi a gaban mai shago, ko na kyasta masa ashana: tagulla za ta yi ja ta tsaya, CCA kuwa nan take ta lanƙwashe ta zube. Kada rubutun jikin kwali ya ruɗe ka. Kuma ko da tagulla zalla ce, iyakar tafiyarta mita 100. In wuri ya fi haka, sa wani suwic, wato na'ura mai ramuka da ake jona kebul ɗin kyamarori a jikinta, a tsakiya, kada ka ce za ta kai da addu'a.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ƙin yin lissafin wutar suwic. Ramin PoE na gama-gari wat 15.4 yake bayarwa, PoE+ kuma wat 30, amma suwic ɗin yana da jimillar da ba ya wucewa, a rubuce take a jikinsa ko a takardarsa. Ka tara abin da kowace kyamara ke ci da dare, ka bar rara. Rami takwas ba ya nufin zai riƙe manyan kyamarori takwas.

Na biyu da ke ɓata mini rai shi ne ruwa, domin wannan ganganci ne tsantsa. Yawancin kyamarorin waje suna zuwa da ɗan murfin roba mai zare da ake rufe mahaɗar RJ45 da shi, wato inda kan kebul ke shiga wutsiyar kyamara. Ku kuma sai ku jefar da shi tare da kwali, ku naɗe mahaɗar da salatif, ku bar ta tana lilo a jikin katanga. Me kuke tsammani? Zafin Afrilu zai narkar da gam ɗin, ƙurar hunturu ta riga ta shiga, ruwan Yuli ya ƙarasa. Na sha buɗe irin wannan in tarar da haƙoran kan wayar sun yi kore shar, wani ma ya yi baƙi saboda wutar da ke bi ta cikin lema. A lokacin ba kan waya kaɗai ya tafi ba, har wutsiyar kyamarar. Ni dai ina zura murfin nan kafin in matse kai, in cusa mahaɗar cikin akwati, ramin shigar waya ya kalli ƙasa, sannan in bar wayar ta ɗan sauko ta hau don ruwa ya ɗiga kafin ya isa. Wasu sun ce akwatin ɓarnar kuɗi ne. Ni ba na aiki ba tare da shi ba.

Sai rikicin lamba, wato adireshin IP da ake gane kowace kyamara da shi. Sabuwar kyamarar Hikvision da 192.168.1.64 take zuwa, Dahua da 192.168.1.108. Ka jona biyu iri ɗaya ba ka canza ba, za su yi ta ture juna, wannan ta bayyana waccan ta ɓace. Ka buɗe manhajar SADP ta Hikvision ko ConfigTool ta Dahua a kwamfuta, ka ba kowace lambarta tsayayya a wajen jerin lambobin da rawuta, na'urar raba intanet, ke rabawa, ka rubuta a takarda ka manna cikin murfin akwatin NVR, na'urar da ke naɗar hotunan kyamarori.

Idan duka kyamarori ne ke ɗaukewa lokaci guda, tambayi maigadi ko lokacin ne ake juyawa daga NEPA zuwa janareto. NVR, suwic da rawuta duk su hau UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke) ko inbata, kada ka bar ɗaya. Kebul kada ya kwanta bututu ɗaya da wayar wuta. A silin kuwa ka sa shi cikin bututu saboda ɓera. Kyamarar Wi-Fi a bayan katangar bulo biyu da wuya ta zauna lafiya, ja mata waya.

Wani lokaci kuma kyamarar ba ta ɗauke ba sam. Maigida ne ya kasa gani a wayarsa saboda data ta ƙare a MiFi ko sabis ya yi rauni. Je ka kalli allon NVR, ka mayar da faifan baya zuwa lokacin da ya ce ta ɗauke. In hoton yana nan babu giɓi, matsalar intanet ce.

Abin da nake yi yanzu kafin in zargi kowace kyamara shi ne in sauko da ita kusa da suwic, in jona ta da guntun kebul mai kyau na mita biyu, in rufe idonta da ƙyalle don fitilun dare su kunna, in bar kwamfuta tana yi mata ping, wato tana aika mata saƙo tana jiran amsa, na awa guda. In ba ta tsallake amsa ko sau ɗaya ba, sai in mayar da ita inda take, in ɗauki testa, na'urar gwada kebul, in bi waya.