Yadda Ake Ɗinka Jakar Kwalliya Mai Zif Da Ragowar Atamfa Don Goron Sallah

Duk gidan da ake ɗinkin Sallah ba ya rasa ragowar ƙyallaye. Tela ya dawo da su ƙulle a leda, a cusa a ƙarƙashin gado, baɗi a ƙara wasu a kai. Da su za ki fitar da 'yar jakar kwalliya mai zif, irin wadda ake zuba kwalli da man leɓe da kwalbar humra, ki ba ƙannen miji da 'yan'uwa da maƙwabciyar da ta yi ta aiko miki da kunu duk azumi. Ba zan tsaya koya miki zura zare ko naɗa kwarkwaro ba. Na ɗauka kin iya tafiyar da ɗinki a miƙe. Keken ƙafa irin Butterfly ɗin nan na ɗakin iyayenmu ya isa, domin babu inda za ki bukaci wani ɗinki ban da miƙaƙƙe.

Ki fara tun Sha'aban, in kin makara to goman farko. Wadda ta bari sai goman ƙarshe ta haɗa wa kanta zafi, ga tahajjud, ga tuyar cincin, ga layin kitso da lalle. Jakar da aka ɗinka daren Sallah kuwa, daga nesa ake gane ta.

Kayan da za ki tanada

Atamfa ta fuska, da yadin shafi na ciki, da gam ɗin nan na guga da teloli ke sa wa wuyan riga, da zif. Sai almakashi mai kaifi, alli, tef ɗin awo, fil, allurar hannu, da kwali guda da za ki yanka ma'auni. Allurar keke lamba 14 ta dace da atamfa. In shadda ce mai kauri, ki sa lamba 16.

Zif ɗin roba za ki saya, mai ƙananan haƙora, ba na ƙarfe ba. Na ƙarfe ya fi kyan gani, amma ba ya yankuwa da almakashi, kuma allura na hawa kansa ta karye. Ki sayi mai tsawon inci 12, ko da yake bakin jakar bai kai haka ba, za mu rage shi. In kina da hanyar shiga Sabon Gari ko wata babbar kasuwa, ki sayi dozin a wurin masu kayan teloli, ya fi sayen ɗaiɗai a shagon unguwa sauƙi nesa ba kusa ba. Kafin ki biya, ki ja kowanne sama da ƙasa. A dozin guda ba a rasa mai cijewa.

Shafi kuma, ni ban yarda da baƙi ba. Mace ta buɗe jaka tana lalube ba ta ganin tsinken kwallinta. Ki sa mai haske, amma ba fari fat ba, don janbaki na taɓa shi ya gama da shi. Ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka su ne nawa. Kuma ki guji shafi mai santsin nan na rigunan leshi, yana zillewa a ƙarƙashin keke, bakinsa na zarewa. Auduga mara nauyi ta fi.

In ƙyallayenki ba su isa ba, ba sai kin sayi turmi ba. Yadi 1 na atamfa yana fitar da fuskokin da za su isa jaka har 10 idan ba ki damu da inda zane ya faɗa ba. In kina bin zanen, ki sa ran 6 ko 7.

Wanki da yanka

Ki jiƙa atamfar a ruwan sanyi, ki ɗauraye, ki shanya a inuwa, ki goge. Sabuwar atamfa tana da sitaci, wata kuma tana ɗan tsukewa a wankin farko, wata tana zuba. Idan ba ki wanke ba, ran da mai jakar ta wanke ta, fuska za ta tsuke ta bar shafi yana reto a ciki. Kafin ki haɗa ja ko shuɗi da shafi mai haske, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a jiki. In ya kama launi, wannan atamfar a nemo mata shafi mai duhu. Takardar kamfani da ke manne a jiki kada ki ɓamɓare ta da farce, ki ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan yadin, za ta saki da kanta.

Ki yanka kwalinki inci 10 a faɗi, inci 7 a tsaye. Da shi za ki fitar da fuska 2 da shafi 2. Gam kuma 2, amma inci 9 da 6, wato ya gaza yadin da rabin inci ta kowane gefe, don kada wurin ɗinki ya yi tauri. Zanen atamfa manya ne, an yi su ne don zani da riga. Saboda haka kafin ki sa almakashi ki yi ta zagaya kwalin a kan yadin har ki ga wurin da fure ko tsuntsun zai zauna a tsakiya. Ki duba kuma kada gaba ta kalli sama baya ta kalli ƙasa. Bakin atamfa mai rubutun kamfani ba ya shiga jaka.

Ki manna gam a bayan fuskokin, gefen mai ƙyalli ko ƙurji yana kallon yadi. Danna dutsen guga ake yi a ɗaga, ba a jan sa. Ki bari ya huce kafin ki motsa shi.

Zif

A nan ne masu koyo suke faɗuwa, kuma a nan zan daɗe. Na ga 'yan mata masu hannu, ɗinkinsu a miƙe, amma da an zo zif sai bakin jaka ya fito a murɗe kamar ganyen da ya sha rana, kusurwoyi biyu kuma sun nutse ciki. Abu uku ke jawo wannan: ba a rufe kan zif ba, ana jan sa lokacin ɗinki, sannan ana tsallake guga.

Ki fara da rufe kawunansa. Ja marikin zif ɗin zuwa tsakiya tukuna. Wannan ki riƙe shi da kyau, domin in kika yanke zif mariki yana can gefen da kika yar, mayar da shi aiki ne ja. Da allurar hannu ki ɗaure bakin da ya buɗe, haƙoran su haɗu. Sai ki yanke zif ɗin ya koma inci 9 cif. Ki yanko ƙananan ƙyallaye 2 na atamfar, kowanne inci 2 da 2. Ki ninka biyu ki goge, ki buɗe, ki shigo da bakunan zuwa layin tsakiya, ki sake ninkewa. Ki cusa kan zif a ciki ki bi da ɗinki, abin da ya yi saura a gefe ki datse. A kan haƙoran, da hannu za ki juya tayar keken a hankali. Yanzu zif ɗinki inci 9 ne, yadinki inci 10. Rabin incin da ya rage ta kowane gefe shi ne hanyar da ɗinkin gefe zai bi ya wuce ba tare da ya taka zif ba. Kusurwar jakar kanti da kike gani tsaye cak, wannan ne sirrinta. Masu gaggawa suna cewa ɓata lokaci ne. Su ci gaba.

Jerin ɗorawa kuma haka yake. Ki shimfiɗa fuska guda, kyakkyawan gefenta yana kallon sama. Ki kifa zif a bakinta na sama, marikin yana kallon yadin, a tsakiya daidai, rabin inci nan rabin inci can. Sai ki kifa shafi a kai, kyakkyawan gefensa yana kallon ƙasa. Bakuna uku su daidaita.

Kada ki dogara da fil a nan. Fil yana tayar da zif ya yi tudu. Ki ɗauki allurar hannu da zare mai launi dabam ki yi manyan ɗinki na riƙo daga wannan kai zuwa wancan, daga baya ki zare. Na san yana cin lokaci. Ran da kika yi jaka ta goma hannunki ya saba, kya iya dainawa, amma ba yau ba.

Ki sauya ƙafar da ke danne yadi, ki sa siririyar nan ta sa zif. Masu kayan keke suna sayar da ita, kuma kuɗinta bai kai na zif dozin da za ki lalata in babu ita ba. Ki yi ɗinki kwatan inci daga baki. Kada ki matse jikin haƙora, in kin matse, mariki zai riƙa cin yadi duk lokacin da aka ja shi. Hannunki jagora kawai zai yi. Keke ne ke jan yadi, ke ba ki ja ta baya, ba ki miƙar da zif ta gaba. Tef ɗin zif yana ɗan miƙewa, atamfa mai gam ba ta miƙewa, to in kin ja shi kin ɗinke, kina saki zai koma ya tattaro yadin. Murɗewar ke nan.

Idan kin iso kusa da mariki, ki tsaya allura tana cikin yadi, ki ɗaga ƙafar, ki sa hannu ta ciki ki ja marikin ya koma bayan allurar, ki sauke ƙafar ki ci gaba. Wadda ta ce za ta kewaye shi da ɗinki, layinta zai yi ciki a daidai wurin, kuma kowa zai gani.

Sai guga. Ki buɗe fuska da shafi su bar jikin zif, bayansu ya haɗu, ki goge bakin ya kwanta. Hattara da haƙoran, roba ce, tana narkewa. Mai dutsen gawayi ta bari ya ɗan huce, ta kuma ɗora ƙyalle a kai. Daga nan ki bi bakin da ɗinki ta sama, kusa da ninkin, ya kama fuska da shafi tare. Wannan ɗinkin ne ake gani, don haka ki ɗan ƙara tsawon takunsa, zaren kuma ya dace da atamfar.

Ɗaya gefen ma haka za ki yi, sai dai kafin ki riƙe da allura ki tabbata gefunan sabuwar fuskar sun hau daidai kan na farko. In guda ta zarce da kwatan inci, jakar za ta karkace, kuma babu gugar da za ta gyara ta. In kin gama ki shimfiɗa a tebur, zif a tsakiya, ki ja shi sau da yawa. Ya kwanta lumui, ya tafi sumul, to ki wuce. In yana cijewa ki goga masa kyandir ko busasshen sabulu. In murɗewa ya yi, ki farke yanzu, tun abin yana da sauƙi.

Haɗa jiki

Ki buɗe zif ya wuce rabi. Ki buɗe shi, na sake faɗa. Wadda ta manta za ta ɗinke jakarta ruf ba ta da ta inda za ta juyo ta.

Ki haɗa fuska da fuska, shafi da shafi, kyawawan gefuna suna kallon juna. A mahaɗar, kawunan zif su karkata wajen shafi, ɗinkin bangarorin biyu ya hau kan juna, ki sa fil. Ki zagaye da ɗinki rabin inci, ki bar ƙofa ta inci 4 a gindin shafi. Ki wuce ta gefen ƙyallen kan zif, kada ki taka shi. Ni a wajen shafi nakan ɗan ƙara shiga ciki kaɗan, don ya fi fuska ƙanƙanta ya zauna ba tattara.

In kina so jakar ta tsaya da gindinta, ki yanke murabba'in inci 1 a kusurwoyi huɗun, ki buɗe kowacce, ɗinkin gefe ya hau na gindi, ki ɗinke. Sai ki juyo komai ta ƙofar, ki tura kusurwoyi da bayan fensir, ba da almakashi ba. Ki ninke bakin ƙofar ki rufe, ki cusa shafi ciki, ki goge. A marikin ki ɗaura ɗan siririn ƙyalle ko tuntu, ya fi sauƙin ja ga mai lalle a hannu. Duwatsu da gam mai zafi da ake liƙawa a jiki ba na so, atamfa ta riga ta yi magana, kuma kafin babbar Sallah sun zube.

Yanka duka a rana ɗaya, kawunan zif duka a wata rana, haɗawa a ta uku. Ya fi ki gama guda ki koma farko sauri.

Na yara ba sai da zif ba. Ƙyalle inci 6 da 14, a ninka biyu, a ɗinke gefuna, a yi ƙubaka a sama a zura zariya, sun samu wurin tara kuɗin yawon Sallah. Na maza kuma ragowar shadda, awo ɗaya da na mata, ba tuntu, a sa carbi da ƙaramar kwalbar turare.

Kada ki miƙa jakar wayam. Ko ƙullin lalle ne, ko turaren wuta, ko dabino da alewa, ki sa wani abu ya cika ta, tsayuwarta ta fito. Humra da duk wani abu mai maiƙo ki matse murfinsa ki ƙulle a leda kafin ya shiga, don in ya tsiyaya a shafi ba ya fita.