Darasi na Bakwai: Takardar Kyauta a Sana'ar Doki

Duk mai ba da hayar doki a karkarar Kano ko Jigawa ya san cewa kasuwarsa ta lokaci ce. Idan sallah ta matso, ko bayan kaka da bukukuwan aure suke yawaita, masu neman doki sai su yi ta sallama a ƙofar gida. Da lokacin ya wuce kuwa, sai doki ya koma turke, alhali bai rage cin dusa da harawa ba ko na kwana ɗaya. Wanda ya taɓa sayo doki a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa ba a sayen wahalar take ba, a ciyarwa take.

Takardar kyauta dabara ce ta jawo mutanen da ba su taɓa zuwa bargarka ba. Mutum zai biya ka kuɗin hawa tun yau, ka rubuta masa takarda, shi kuma ya miƙa ta ga wanda yake son faranta wa rai. Ta yi kama da katin waya, wanda wani yake saya wani ya yi kira da shi. Abokan ango za su iya haɗa kuɗi su saya masa ta hawan angwanci, kawu kuma ya saya wa ɗan 'yar'uwarsa da ya yi saukar Alƙur'ani. Yaron nan ba zai zo shi kaɗai ba, domin mahaifinsa da abokansa za su biyo shi, su ga dokinka da kyan sirdinsa da jalalarsa, gobe su san ƙofar da za su nufa.

Ba sai ka je wurin masu ɗab'i ba. Littafin rasit mai kabon ya wadatar, domin kwafi ɗaya zai zauna a hannunka. Ka rubuta lamba, da sunan mai saye da na wanda za a ba, da abin da aka biya wa, misali "kilisa ta yamma ɗaya, doki da kayansa da mai jan linzami", sannan ka sa ranar da takardar za ta daina aiki, ka buga hatimi ko ka sa hannu. A ganina wata uku sun isa, saboda farashin gero ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ta aiki a kwanakin hawan sallah, lokacin da masarautun Gumel da Haɗeja da sauransu suke hawa, dawaki kuma suke tsada. Rashin wannan layi ɗaya yana iya kai ku gaban mai unguwa.

Abin da masu sana'a suka fi mantawa shi ne, kuɗin da ka karɓa bashi ne a wuyanka har sai an hau dokin. Idan an ba ka, a ce, naira 20,000, kada ka kashe su duka a ranar, domin doki yana iya gurɗewa ko ya kamu da ciwon ciki, ya zamana dole ka aro na maƙwabci ko ka mayar da kuɗin mutane.

Aikin gida: ka samo takarda ka rubuta irin taka, ka kawo ta aji a darasi na gaba, malami ya duba ko ka sa lamba da ranar ƙarewa.